Maɓalli na Biyar

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Gwaggo da duk mutanen layin shago. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Na ba direban motar safe wannan takarda, tunda ka ce waya tana cinye rabin magana.

Baba, shekara huɗu ke nan kana ce min "bayan damina". Damina huɗu ta zo ta wuce, ko ƙeyarka ba mu gani a babban birni ba. Wannan karon na ɗauki hutun mako guda a wurin aiki, daga Asabar ta ƙarshen wata, kuma na gama tsara komai, don haka ba ka da wurin ɓuya. Jirgin ƙasa yana tashi daga wajenku da ƙarfe bakwai na safe, ya iso nan kafin la'asar. Da ka sauka ka dubi babban agogon tasha, ina tsaye a ƙarƙashinsa.

Ga yadda na tsara. Lahadi ka huta, ka ga gidanmu da ɗakin da na gyara maka, tagarsa tana kallon titi. Litinin mu hau bene mai hawa talatin, ka ga birnin gaba ɗaya, motoci kamar tururuwa. Talata gidan tarihi, akwai ɗakin da suka jera tufafin mutanen da, ka ga ɗinkin hannun da zai sa ka cire hula. Laraba da yamma mu je babbar gada ka ga fitilu. Alhamis kasuwar yadi, layi goma sha biyu, ka ga launukan da ko sunansu ba mu sani ba.

Amma duk wannan ba shi ne babba ba. Ka zo ka ga jikarka. Rabonka da ita tun tana zanin goyo, yanzu shekararta biyar, kuma ba a banza muke kiranta Aku ba. Tun daga tashi har kwanciya bakinta ba ya hutawa. Ta ce in gaya maka tana son riga shuɗiya mai maɓallai a gaba, kuma ɗinkin kakanta, ba na kanti ba. Na rubuta awonta a bayan takardar nan.

Maigidana yana gaishe ka da girmamawa. A gaida Gwaggo.

'Yarka,
Allura

*

Zuwa ga 'yata Allura,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki da iyalinki. Takardarki ta iso. Muna lafiya, Gwaggonki tana nan da faɗanta, ba ta rage ko ɗaya ba.

Na farko dai, raini ne ki aiko min da awo. Shekara arba'in da shida ina kan keken ɗinkin nan. Ke kanki da na sa miki suna Allura saboda rashin ƙiba, yaushe na taɓa ɗora miki igiyar awo? Kallo ɗaya nake yi in yanka. To amma tunda amaryar tawa ta yi nisa, na bi lissafinki. Ga rigar nan a ƙunshe, direba zai ba ki. Ki gaya mata in ba ta yi mata ba ta nemi wani mijin.

Batun tafiya kuwa, ki yi haƙuri. Aiki ya yi min yawa a shago. Akwai kayan makaranta na yara ashirin da na yi alkawari, ga wandon mai gyaran rediyo da ya fi wata yana jira. Kuma ni me zan yi a saman bene mai hawa talatin? An ce wani akwati ne ake shiga ya yi sama da mutum. Ni ba kaya ba ne. Fitilu kuma muna da su a nan, in an kawo wuta.

Kada ki ɓata hutunki a kaina. Ki huta, ki ci abinci, ko Allah zai sa ki tashi daga allura ki koma basilla. Zan zo, in Allah ya yarda, bayan damina.

Kada ki damu da rubutuna ya yi manya-manya. Biron ne ba ya ja sai an danna.

Ki gaida surukina. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki

*

Zuwa ga Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ce wa direba ya ba ki wannan hannu da hannu, kada ya ajiye a shago. Don Allah ki karanta ke kaɗai.

Gwaggo, riga ta iso, kuma tun da na kwance ƙunshin hankalina bai kwanta ba. Yankan ya yi, ta zauna a jikin Aku kamar a nan aka gwada. Amma maɓallai biyar ne a gaba, huɗu shuɗaye, na biyar kore. Girmansu ɗaya, ramukansu ɗaya, launi ne kawai ya bambanta. Sannan kalmasar ƙasa, rabi da shuɗin zare, rabi da baƙi.

Kin san Baba. Ina 'yar shekara goma ya sa na farke kalmasar zani gaba ɗaya saboda zaren da na sa ya ɗan fi yadin duhu. Na yi kuka na ce babu wanda zai lura, ya ce shi ya lura, kuma shi ma mutum ne. Wannan mutumin ne zai sa wa jikarsa koren maɓalli a shuɗiyar riga?

Na sake duba takardarsa. Layukan suna hawa suna sauka, wani ya hau kan wani. Ba laifin biro ba ne.

Ki gaya min gaskiya, ko da ya hana ki. Tun rasuwar Inna ke ce uwata, ba ni da wanda zan tambaya sai ke. Tsoro nake ji, Gwaggo.

Taki,
Allura

*

Ke Allura,

Na amsa gaisuwarki. Takardarki ta same ni ina tsakar wanki, ubanki ya ji muryar direba ya ce me aka kawo, na ce maganar mata ce. Ya ce Allah ya raba shi da ita.

Ya sa na rantse ba zan gaya miki ba. To ni ban gaya miki ba, maɓalli ne ya gaya miki, ni ƙarin bayani kawai zan yi. Idonsa ne. Shekara biyu ke nan yana raguwa. Likitan nan ya duba ya ce yanar ido ce ta rufe duka biyun, na dama ya fi. Ya ce a babban birni ana cire ta, galibi ana dacewa, amma shi ba zai yi mana alkawari ba. Ubanki ya ninke takardar likitan ya cusa a ƙarƙashin keke, wai ƙafar keken tana rawa.

Kullum da safe kafin ya fita ni nake zura masa zare. Allura ashirin nake jerawa a jikin matashi, shuɗi a dama, fari a tsakiya, baƙi a hagu, in kuma zura na keke. Maɓallai na raba masa su a gwangwanaye. Sauran kuwa hannunsa ya sani, shi ya sa har yau babu wanda ya gane a layin. Ranar da ya ƙarasa rigar Aku na tafi dubiya asibiti. Zaren keke ya ƙare masa, ya lallaɓa ya ɗaura wani da kansa, Allah kaɗai ya san awa nawa ya ɗauka. Na dawo na tarar ya ƙunshe har ya ba direba, yana ta fara'a. Da na ga baƙin zare a kan keke gabana ya faɗi, amma na bar shi da fara'arsa.

Kuma ki sani, takardunki ni nake karanta masa. Waccan ta tsarin tafiya, sau shida kika ce "ka ga". Ni ban ƙirga ba, shi ya ƙirga. Da na gama ya ce, "Shida." Sai ya juya ya ci gaba da taka keke babu yadi a ƙarƙashin allura. Amsar kuwa ya hana ni rubutawa, ya ce kin san hannunsa.

Aikin da ya ce ya yi masa yawa, ƙarya yake, kayan makarantar tuni aka karɓe. Kuma ba wuƙar likita yake tsoro ba. Na matsa masa rannan sai ya ce min, "Yaya, in na sauka a tashar nan, mutum dubu, ta ce in dubi agogo. Ni da ba na ganin agogon hannuna. In 'yata ta tsaya a gabana na wuce ta fa? A gaban mijinta da 'yarta?" Daga nan ya sa gefen rigarsa ya share ido. Ni ma na shiga kicin na ce albasa ce.

Ni na gaji da ɓoye-ɓoye, bayana ma ya gaji da sunkuyo a kan allura. Ƙanena ne, na san taurin kansa tun yana rarrafe. In kika yi masa faɗa zai ƙara ƙanƙame keken nan. Ki san yadda za ki yi. Duk abin da kika rubuto zan karanta masa yadda yake, ba zan rage ba, ba zan ƙara gishiri ba.

Ki shafa min kan Aku.

Gwaggonki

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga mahaifinta. Gwaggo, na san ke ce mai karantawa, ki karanta a hankali, kada ki tsallake komai.

Baba, na sani. Kada ka yi wa Gwaggo faɗa, rigar ce ta faɗa min. Maɓalli na biyar kore ne. Kai ka koya min duba irin wannan, don haka in akwai mai laifi kai ne.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne shekara biyu kana ɗauke da wannan ni ina nan ina lissafa maka fitilu. Ka yafe min waccan takardar. Na yage tsarin, ga sabo.

Ranar Asabar in jirgi ya tsaya, ka sauko ka tsaya nan bakin ƙofar taragon, kada ka motsa. Ba kai za ka neme ni ba. Ni zan neme ka, kuma ko mutum dubu goma ne zan gane tsayuwarka, da kafaɗar nan ta dama da keke ya karkatar. Zan kama hannunka. In kunya kake ji, ka tuna shekara shida kana riƙe da nawa kullum safe kana tsallakar da ni titin makaranta, ina fizgewa kana ƙara damƙewa. Ban taɓa ramawa ba.

Lahadi akwai aiki. Keken Inna da ka ba ni yana wani ƙara, masu gyara biyu sun duba sun ce lafiyarsa ƙalau. Kai da kunne kake gane ciwon keke, ka zo ka saurare shi. Litinin kasuwar yadi, ka bi layi goma sha biyun nan da yatsunka ka kunyata masu cewa auduga ce zalla. Bene mai hawa talatin na soke shi, ni ma akwatin nan juya min ciki yake yi. Gada kuwa za mu je, don akwai iska mai daɗi, kuma ga Aku. Wannan yarinya ko kare ne ya gifta sai ta faɗi launinsa da inda za shi da abin da take zaton ya ci. In kana tare da ita babu abin da zai wuce ka a birnin nan, sai dai ka roƙe ta ta yi shiru.

Talata da safe na karɓi lamba a wurin likitan ido. Ban ce dole ba. In ka ce a'a, za mu wuce ta ƙofar asibitin mu tafi shan shayi, ba zan sake tayar da maganar ba. Ka ciro takardar nan daga ƙarƙashin keke ka taho da ita dai, a sa masa kwali.

Na so in canza maɓallin kafin Aku ta lura. Ina ɗauko almakashi ta ƙwace rigar ta rungume. Ta ce koren shi ne nata, kakanta ya sa mata shi don kada rigarta ta ɓace cikin na mutane. Yau kwana huɗu ke nan sai da dabara nake cire mata ita in wanke.

Ba birni nake so ka zo wa ba, Baba. Ni nake so ka zo wa. Ina kewarka ƙwarai.

'Yarka,
Allura

*

Allura,

Wa alaikumus salam. Wannan rubutun Gwaggonki ne, ni nake faɗa tana rubutawa. Ta ce in gaya miki hannunta ya fi nawa kyau, na ce ta rubuta, ba zan yi musu ba yau.

Ina zuwa ranar Asabar. Zan tsaya a bakin ƙofar taragon kamar yadda kika ce. Kada ki makara, tsayuwa tana gajiyar da ni.

Talatar ma na ji. Za mu shiga.

Na sa Gwaggonki ta zaɓo min shuɗin maɓalli guda, yana aljihun rigata. Kada kowa ya taɓa rigar nan kafin in zo. Ki gaya wa amaryata koren yana nan inda yake, ba zan cire mata ba. Shuɗin a ƙasansa zan ɗinka, su zama shida, ranar da na zura zare da kaina. In kuma Allah bai nufa ba, sai ta zura min.

Mahaifinki