Sau Uku Na Ce wa Likita Lafiya Lau

Zuwa ga Hajiya Ummulkhair, ruwan farkon damina, ƙoramar unguwar Al Qusais, sanyin da ba na na'ura ba a wannan garin Larabawa da har iska sai an kunna ta.

Kin tuna ranar da kika tarar da ni a Port Saeed, zaune kan jakata ina kallon jiragen ruwa, kwana huɗu ban je aiki ba? Kika ce ba za ki auri mutumin da ke ɗaure kaya duk wata bai san inda za shi ba, sai ya ga likitar ƙwaƙwalwa.

Na je, wallahi. Sau uku.

Amma dubi lamarina, ya farin watana. A ruga aka haife ni, kafin in kai goma mun yi ƙaura ba adadi. Na yi digiri a labarin ƙasa, yau ga ni a Al Warsan ina manna wa kwali salatef. A gidanmu namiji ba ya cewa yana jin yunwa, balle ya ce zuciyarsa ta yi nauyi. Likita ta tambaye ni yaya nake. Me ɗan mutunci zai ce? Na ce lafiya lau. Na tambayi maigidanta, da yara, da gajiya. Lokaci ya ƙare muna kan maganar ciwon gwiwar mahaifiyarta.

A zuwa na uku ta ajiye biro. Ta ce ta yi aiki a Turai da 'yan wata ƙabila da ake ce wa Roma, masu yawo irinmu, sai dai ko akuya ba su da ita, kuma su ma haka suke yi mata: a shigo da ciwo, a yi godiya, a fita da shi. Ashe ko a ciwon ma ban zo na ɗaya ba.

Gaskiya ba lafiya. Abinci ba ya shiga. Bangon ɗaki matsowa yake yi. In damina ta faɗi a gida ƙafafuna kan sani, sai in shiga jirgin ƙasa na metro in kai ƙarshen layi in dawo, ina kuka ban san dalili ba.

Ga roƙona, ya inuwata. A wajenmu marar lafiya ba ya faɗin ciwonsa, nasa ne ke faɗa, shi yana kallon ƙasa. Wa nake da shi a nan in ba ke ba? Ran Talata, ƙarfe huɗu, a wajen likitar. Ki zo da wannan takarda, ki karanta mata inda na ce ba lafiya, sauran naki ne. Zan musa. Ki yi haƙuri ki ci gaba.

Naki, wanda ya bar wurare da yawa amma ba zai bar ki ba,
Mijinyawa