Rubutun Malam Shehu a Katakon Rufi

Nasarawa, Kaduna
16 ga Disamba

Zuwa ga Mama Saratu,

Ina gaishe ki da girmamawa. Yaya gida, yaya sanyi, yaya su Nafisa? Ban sani ba ko za ki tuna ni. Ni ce Juliana, Juli 'yar Baba Sylvanus na masaƙa, maƙwabtanku kafin rikicin nan ya raba mu. Ke kika koya mini kitso. Ba ni da lambar wayarki, wani mai keke ɗan cocinmu ne ya ce ya san ƙofarki a Tudun Wada. Ko da ina da lambar ma, bakina ba zai iya faɗin wannan ba.

Ranar Laraba da la'asar iska ta taso mana da ruwa, a tsakiyar Disamba. Tsofaffin unguwa sun ce ba su taɓa gani ba. Gida tara ne a layinmu suka rasa kwano, turken lantarki ya kwanta a bakin titi, mangwaron ƙofar gidanku na dā ya tsage biyu. Ba a rasa rai ba, mun gode Allah. Mata sun bar shirin Kirsimeti suna shanya katifu. Namu rufin na ɗakin Baba ne ya tafi, silin ya jiƙe ya rufto.

Jiya na hau tsani tare da kafinta don mu ga ɓarnar. A lungun da ke saman ƙofa muka tarar da tabarma a naɗe, da buta, da tef ɗin awo irin na tela. A jikin babban katakon rufi kuma akwai rubutu da allin ɗinki, shuɗi. Ga abin da na iya karantawa:

"Saratu, ina gidan Baban Juli. Lafiya lau nake. Na ci tuwo."

A ƙasa an rubuta sunan Nafisa da lambobi, tsawo da kafaɗa da hannu.

Mama, na san hannun maigidanki Malam Shehu, shi ya ɗinka mini kayan makaranta. Na kuma san tun ranar da kuka gudu ba a sake ganin sa ba. Na tambayi Baba, ya juya fuska bango. Shekarunsa tamanin da ɗaya yanzu, mahaifiyata Mama Martha kuma ta rasu bara waccan, babu wanda zan tambaya sai shi.

Ki yi haƙuri da na taɓo miki wannan. Allah ya ba ki lafiya.

'Yarki,
Juliana

*

Tudun Wada, Kaduna
18 ga Disamba

Zuwa ga 'yata Juli,

Assalamu alaikum. Na sami takardarki. Ina yi muku jaje na iska, Allah ya tsare gaba, ya ji ƙan Martha da ban ji rasuwarta ba sai yanzu. Idona ya yi rauni, Nafisa ce ke rubuta mini, amma maganar tawa ce.

Na tuna ki sarai, mai kuka in an ja mata gashi.

Ranar da muka gudu, Malam ya sa mu a motar wani bawan Allah, ni da yara uku, ya ce zai kulle shago ya biyo mu. Awon da kika gani na rigar Sallar Nafisa ne. Shekararta biyar, yadin yana kan kekensa bai yanka ba. Shi mutum ne da in ya tsorata sai ya hau lissafin awo a ka, haka yake tun muna amare.

Na neme shi asibiti-asibiti. Na shiga ɗakunan ajiye gawa har sai da masu gadi suka san ni. Shekara huɗu ina jira kafin malamai su ce in yi takaba.

Amma ga abin da nake so ki sani. Da ƙura ta lafa na dawo Nasarawa, na tsaya a ƙofar ɗakin babanki. Martha ta kawo mini ruwa. Na ce, "Baban Juli, ko ka ga Malam?" Ya dube ni ya ce, "Ban gan shi ba, Maman Nafisa." Ashe a ƙarƙashin tabarmarsa muke tsaye.

Ki sake tambayar sa. Ki ce ni na aiko ki. Kada kafinta ya taɓa katakon nan.

Ki gaida mutanen layi, waɗanda suka rage.

Mamanki,
Saratu

*

Nasarawa, Kaduna
20 ga Disamba

Mama,

Ina kwana, yaya ƙarfin jiki? Na karanta wa Baba wasiƙarki da safe, har ƙarshe, ban tsallake komai ba.

Bari in fara gaya miki yadda yake. Tun da rufin ya tafi ya ƙi barin ɗakin. Mun ja tamfol a sama, mun roƙe shi ya koma falo, ya ƙi. Yana zaune a kujera da bargo, kansa a ɗage. Duk lokacin da iska ta kaɗa tamfol ɗin sai ya ce, "Sauko, Malam, sun tafi." Abinci in na kawo, sai ya raba biyu ya tura rabi gefe. 'Yan zumuntar mata na cocinmu sun zo sun yi masa addu'a, bai ko dube su ba.

Da na kai inda kika ce ke kika aiko ni, ya sauke kansa ya dube ni. Sannan ya yi magana, tiryan-tiryan, kamar ba shi ne mai mantuwa ba.

Ya ce Malam Shehu ya haura katangarmu da azahar, layi ya riga ya cika, ba hanyar fita. Shi da Mama Martha suka ɗora shi silin. Kwana uku yana can. Mama ce ke miƙa masa abinci da ruwan alwala. A rana ta uku wasu matasa, ba 'yan layinmu ba, suka buga ƙofa suka ce sun ji ana ɓoye mutane, gobe za su dawo su bincika gida-gida, inda suka samu za su cinna wuta da kowa a ciki.

Baba ya ce, "Na dube ku, ku 'ya'yana huɗu a kan tabarma. Da gari ya waye na hau na ce, Malam, ba zan iya ba kuma."

Na ce, "Me ya ce maka?"

"Ya ce, 'Ka yi ƙoƙari, Sylvanus.' Ya naɗe tabarmar da kansa. Na ba shi rigata ta mawaƙan coci ya ɗora a kan tasa. Hannun ya yi masa tsawo, har ya yi dariya ya ce wane tela ne ya ɓata mini yadi haka. Na buɗe masa ƙofar baya."

"Daga nan fa?"

"Na rufe ƙofar."

Ya ce da kika zo, gaskiyar tana bakinsa, amma ya ga in ya ce ya ɓoye shi, dole ya ce ya kore shi. Sai ya zaɓi ƙaryar. Ya hana Mama Martha faɗa, ta tafi kabari da ita.

Mama, ni ma ina da nawa. Shekarata goma sha uku a lokacin. Na ji tari a sama, aka ce mini ɓeraye ne. Na san ɓera ba ya tari. Ranar da kika zo ina bayan labule, na ji tambayarki, na yi shiru. Kwanan nan in ina shara a ɗakin, ba na iya ɗaga kai.

Kafinta ya ce katakon ya tsage, dole a sauya shi, kuma yana so ya gama layinmu kafin jajibirin Kirsimeti. Danshi ya fara cin allin, kalmar "tuwo" ta kusa ɓacewa. Na lulluɓe shi da leda, na kuma ɗauki hotonsa. Ga lambata a bayan takarda, in Nafisa ta kira zan tura mata.

Ba na roƙon ki komai. Allah ya ba ki haƙuri.

'Yarki,
Juliana

*

Tudun Wada
22 ga Disamba

Yaya Juliana,

Barka da war haka. Wannan tawa ce, Mama ba ta san na rubuta ba.

Na ga hoton, na gode. Mama ta ƙi kallo, ta ce ba ta waya za ta gana da shi ba. Kwana biyu ke nan tana kan sallaya. Yayyena maza sun ce kada ta taka Nasarawa, ɗaya har ya faɗi maganar da ba zan rubuta ba.

Ni ban san abin da zan ji ba. Fuskarsa ma ba na tunawa. Jiya na ɗauki tef na auna 'yata, shekararta shida. Kafaɗarta ta fi lambar da ya rubuta da inci ɗaya. Na zauna a ƙasa na yi ta kuka har yarinyar ta tsorata.

Babanki ya ciyar da nawa kwana uku, ya kuma bar uwata tana buɗe fuskokin gawa. Duka biyun ina riƙe da su, na kasa ajiye ko ɗaya.

Ki riƙe kafinta ko da kwana biyu ne. Ki gaida gida.

Ƙanwarki,
Nafisa

*

Tudun Wada, Kaduna
23 ga Disamba

'Yata Juli,

Assalamu alaikum. Ku ɗora rufinku, kada tsoho ya yi Kirsimeti a cikin sanyi. Katakon a sauke shi a hankali, a jingine shi inda ba danshi.

Zan zo ranar Alhamis, washegarin bikinku, ni da Nafisa. Kada ki yi girki, kada ki tara mutane.

Ki gaya wa babanki ban zo jin haƙuri ba, ban kuma ce na yafe ba, wannan sai na ga yadda zuciyata ta yi. Ki sa masa takalmi, ki riƙe shi zuwa ƙofar baya. Ina so ya nuna mini, da Malam ya fita, dama ya yi ko hagu.

Allah ya kai mu.

Mamanki,
Saratu