Wurin Mota Ɗaya Na Auna Maka

Zuwa ga ɗana Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka da duk waɗanda kuke zaune tare a can. Allah ya tsare ka a hanya da wurin aiki, ya yi wa nemanka albarka, ya kuma ƙara maka hankali. Wannan addu'a ta ƙarshe ita na fi yawan yi maka a kwanakin nan, kuma nan gaba kaɗan za ka ga dalili. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwata tana nan da halinta idan hadari ya haɗu. Innarka ta daina kukan ciwon baya tun ranar da aka ɗora mata jika a cinya, har na fara zargin dama can ciwon na rashin abin yi ne.

Matarka tana samun sauƙi, tana cin abinci, ta fara zagaya tsakar gida. Ita kuwa jaririyar, Auta, ban san da wane baki zan gaya maka ba. Yayyenka sun cika mini gida da jikoki maza, masu fasa kofuna da hawa katanga, sai yanzu Allah ya ba ni mace. Gashinta baƙi wuluk, ya kwanta luf. Kunnuwanta nawa ne, duk da Innarka tana cewa Allah ya kiyaye. Idan na miƙa mata yatsa sai ta damƙe shi kamar ba za ta sake ni ba, ni kuwa sai in zauna a haka har ƙafata ta yi sanyi, ba na yarda a karɓe ta. Maƙwabta sun ce tsohon kafinta ya zauce, yana tafe yana dariya shi kaɗai. Gaskiya suka faɗa. Ban taɓa jin daɗin tsufa ba sai a kan yarinyar nan.

To, saboda ita na ɗauki biro. In a waya na kira ka, na san kafin in kai ƙarshen magana za ka katse ni da cewa ba zan gane harkar mota ba, kamar yadda ka saba. Ni da furfurata na zauna a ajin yamma na koyi rubutu, hannuna ba ya sauri, amma takarda ba a katse ta. Ka karanta har ƙarshe, ko ranka ya so ko bai so ba.

Ka tuna dogon shagona na gefen ƙofar gida, inda na yi aikin katako har na ciyar da ku duka. Lokacin da na rage aiki ka roƙe ni in ba ka shi ka ajiye mota, na ba ka, na kwashe bencina da kayan aikina na koma 'yar rumfar kwano ta bayan ɗakin girki. Mota ɗaya muka yi magana. Kafin in farga sun zama uku. Akwai babbar nan mai tsayi da ka ce ta hawan duwatsu ce, ko da yake tun da ta shigo gidan nan ban ga ta hau ko tudun yashi ba. Akwai tsohuwar da ka ce ta girme ka, wadda ba a hawa sai kallo. Sai kuma jar nan mai kujera biyu, wadda cikinta yake kusan shafar ƙasa, mai ƙarar da ke sa kajin unguwa gudu. Da za ka tafi ka jera su a shagon ɗaya bayan ɗaya, don faɗinsa bai ɗauki biyu ba: babbar can ƙurya, tsohuwar a tsakiya, ja a bakin ƙofa. Ka ɗora ta tsakiyar a kan bulo, ka cire tayoyinta ka rataye a bango wai kada zama ya lalata su. Ka cire batir ɗin babbar, ka tsiyaye manta, ka lulluɓe kowace da tamfol kamar masu jinya. Ka ɗauki bakanike yana zuwa yana tayar da jar don kada injinta ya yi sanyi. Duk wannan tanadi ka yi shi, ka bar mace da tsohon ciki a gidan, ba ka tambayi kanka da me za a kai ta asibiti ba.

Ranar da abin ya zo, tun safe ake ruwa. Da hantsi Innarka ta fito a guje ba ko takalmi, ta ce naƙuda ta tashi kuma ba ta son yadda take ganin yarinyar. Na kira bakanikenka, ya zo a jiƙe sharkaf. Na ce ya fito da babbar, tunda titi ya zama taɓo. Ya ce babbar tana bayan tsohuwar, tsohuwar kuwa ba ta da ƙafa, kafin a mayar mata da tayoyi a sauke ta daga bulo a tura ta waje, a nemo batir da mai, sai dai wani ikon Allah. Saura ja. Na leƙa cikinta, na ga kujerar tana can ƙasa kamar an shimfiɗa tabarma, na rasa yadda mace mai naƙuda za ta sauka cikinta, balle a fito da ita, balle a samu inda Innarka za ta zauna. Amma ba mu da wata, na ce ya fitar da ita titi tukuna.

Ruwa ya riga ya cinye ƙasar da ke bakin lambatu. Tana sa ƙafafun gaba waje sai cikinta ya zauna daram a kan siminti. Tayoyi suna juyawa, hayaƙi yana tashi, mota ko motsi. Rabi a waje, rabi a ciki, ta cika ƙofar gida dam, ko akuya ba za ta wuce ba. Shi kansa bakaniken ta taga ya fito, don ginshiƙan ƙofa sun hana murfin buɗewa. Ka ji aikin motarka mai gudu, Auta. A ranar da aka fi bukatar gudu, ita ce ta zama murfin gida.

Ta ƙofar baya muka fitar da matarka, ta lungun nan da ake zubar da ruwan wanki. Innarka ta riƙe ta ta nan, maƙwabciyarmu ta riƙe ta ta can, ruwa har idon sawu, tana tafiya tana durƙushewa tana cije leɓe don kada surukinta ya ji kukanta. Ni ina biye da lema, lemar ba ta rufe kowa ba. A bakin lungu Allah ya haɗa mu da Mai Burodi yana dawowa daga rabon safe. Bai tambayi komai ba. Ya buɗe bayan motarsa, ya watsar da akwatunan burodin a gefen titi cikin ruwa, ya shimfiɗa kwalaye. Matarka ta shiga, Innarka ta shiga, maƙwabciya ta shiga, ni ma da gwiwata na shiga, har da jakar kayan haihuwa, kuma da sauran wuri. Motar nan da kake yi wa dariya, ka ce gwangwani ce mai taya, ita take kai burodi, ita take kai 'ya'yansa makaranta, ita ta ɗauko masa kwanon rufi bara, ita kuma ta ratsa taɓon nan ta kai mu. Da aka fito da jaririyar, ungozoma ta ce cibiya ta naɗe mata wuya, da mun ƙara jinkiri da yanzu wani zancen ake yi. Na fita baranda na zauna a ƙasa. Yanzu duk unguwa 'Yar Burodi ake kiran 'yarka, kuma ban hana kowa ba.

Duk wannan da zan iya haɗiye shi, in ce kuskure ne na wanda bai taɓa haihuwa ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne wayar da muka yi da kai a ɗakin asibiti. Ka yi hamdala, ka tambayi lafiyarsu, ban ƙwace maka wannan ba. Amma Innarka ba ta gama ba ka labarin gashin yarinyar ba ka ce a miƙa wa bakanike, wanda ya biyo mu asibitin. Wayar a buɗe take, kowa yana ji. Ka tambaye shi ko salansa, wato bututun hayaƙin jar motar, ta lanƙwashe, ko fentin ƙasa ya kankare, ka hau shi da faɗa wai me ya sa bai sa katako ya fita a karkace ba kamar yadda ka nuna masa. Matarka tana kwance, ko ruwa ba ta sha ba. Sai ta juya fuskarta bango. Ni na ga wannan juyawar, kai ba ka gani ba. Ban taɓa jin kunyar wani ɗa nawa ba kamar ranar, har na kasa haɗa ido da mahaifiyarta da ta zo da yamma.

Sai ga saƙonka na makon jiya ta bakin yayarka mai ɗinki. Wai ka yi nazari, ka gano inda matsalar take: babu motar iyali a cikin jerin. Saboda haka ka ga wata ta huɗu, mai kujeru da yawa, za ka turo ta, a rushe 'yar rumfar da bencina yake a yi mata wuri. Yayarka tana faɗa tana kallon ƙasa. Innarka ta yi salati ta tashi ta bar wurin. Wato kai darasin da ka ɗauka daga ranar nan shi ne motocin ba su isa ba.

Na san hujjarka, na sha jin ta. Kana cewa motar da ke yin komai ba ta iya komai da kyau, kowace hanya da irin motarta. Har ka taɓa juyo mini da sana'ata, ka ce ai ni ma ba da zarto nake buga ƙusa ba. Haka ne, ba na musu. Amma zartona da gudumata da sauran tarkacena duk akwati ɗaya ya ɗauke su, kowanne kuma sai da ya ci gumina kafin ya tsufa. Ban taɓa sayen guduma na lulluɓe ta da tamfol ina kallo ba, kuma babu ranar da zartona ya tare ƙofa ya hana mara lafiya fita. Ni ban ce son mota laifi ba ne. Tun kana ƙarami kake ƙera ta da waya da murfin kwalba, ni nake yanka maka katakon sitiyari. Amma wancan yaron yakan ɗora ƙannen unguwa a motarsa ya ja su. Wannan babban da ya girma, motocinsa uku, babu wadda ta ɗauki matarsa.

To ga abin da na yanke, kuma ba shawara nake nema ba. Rumfata ba za a taɓa ta ba, ta huɗu kuwa kada ta kuskura ta doso ƙofar nan. Shagona ma na karɓe abina. Na ɗauki tef na auna daga bakin ƙofa, na ja layi da alli a ƙasa, wurin mota ɗaya cif, da sararin buɗe murfi ta kowane gefe. Na yi magana da birkila, da zarar ruwa ya ɗauke zai ja bango a kan layin nan, ya fasa mini ƙofa da taga ta tsakar gida. Abin da ke bayan bango nawa ne, can bencina zai koma. Na riga na sayi katako mai kyau na gadon jikata, yana jingine a rumfa ruwa yana feshinsa, alhali ƙarafanka suna kwance a inuwa. Kafin birkila ya zo, ka gaya wa bakanike inda za a kai su, ko ka sayar, ko ka nemi mai ajiye maka. Wadda ranar ta same ta a ciki, za a mayar mata da tayoyinta a tura ta titi, rana da yaran unguwa su ji da ita. Ka san ni, ba na auna katako sau biyu don wasa.

Wadda za ta zauna a wurin da na auna, ban damu da launinta ko sunanta ko gudunta ba. Sharaɗina kawai ta ɗauki matarka da 'yarka da Innarka da ni da gwiwata, ta haye lambatun ƙofar gida ba tare da an sa mata katako ba, batir ɗinta a jikinta, mai a cikinta, makullinta a rataye a ƙusar da ke bayan ƙofar ɗakina. Idan cikin ukun nan babu mai wannan hali, ka san abin da za ka yi da su. Kuma kafin duk wannan, ka kira matarka, ita kaɗai, ba ta bakin kowa ba, ka ba ta haƙuri. Kada kalmar salansa ta fito daga bakinka.

Innarka tana gaishe ka, ta ce in rubuta cewa ba ta huce ba, amma ka riƙa cin abinci. Yayarka mai ɗinki da mijinta suna gaisuwa, haka babban yayanka da rundunarsa masu fasa kofuna. Kawunka ya zo barka, ya zagaya jar motar yana dariya har sai da ya yi tari. Bakanike yana gaishe ka a tsorace, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ba shi ya jera su ba. Ka gaishe mini da abokin zamanka da ya taɓa aiko mini da maganin gwiwa, Allah ya saka masa. Mai Burodi ma yana gaisuwa. Kullum da safe sai ya tsaya ya yi hon sau ɗaya a hankali, a fito masa da 'yarsa ya gani, haka yake kiranta. Ka nemi hutu ka zo ka ɗauki yarinyar nan a hannunka, Auta, tun kafin bakinta ya buɗe ta fara kiran wani Baba.

Allah ya shirya mini kai, ya raya mana ita.

Ni ne mahaifinka,
Tsohon kafinta, kakan 'Yar Burodi.