Muryar Saratu Ba Ta Haya Ba Ce

Zuwa ga Mai Girma Darakta na gidan naɗar waƙoƙi da ke unguwar Maourey, Yamai.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali. Sunana Ayuba, mutumin Dogondutsi, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, ina zaune a Kirkissoye. Sau biyu na ƙetare gada na zo ofishinka, aka ce ka fita. Shi ya sa na rubuto a fili, domin akwai tsohuwa a gidana da waƙarku ke neman haukatawa.

Na ɗaya. Waƙar rawar nan da kuka saki bana, wadda ake sakawa a taksi da gidajen biki, da muryar matata Saratu aka yi ta. Saratu ita ce ke ba da waƙa a zumuntar mata ta majami'armu, ta kuma rasu tun kafin daminar bara. Yaranka sun gaya mini da bakinsu, suna murna kamar sun tsinci wani abu, cewa sun kwashi waƙoƙinta da mata ke tura wa juna a salula, suka ɗura wa na'urar nan mai kwaikwayon murya, ita kuma ta rera musu sabon baiti. Na yarda sun iya. Har ɗan jan numfashin da take yi kafin ta ɗaga murya, na'urar ba ta bari ba. Amma babu wanda ya tako gidana ya nemi izini, kuma kalaman da kuka sa mata a baki, Saratu ko a ɗaka ba ta taɓa faɗa mini irinsu ba, balle a bainar jama'a.

Na biyu, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Surukata, Inna, tana hannuna. Idonta ya tafi, tunaninta yana zuwa yana komawa, amma kunnenta garau. Saratu ce 'yarta ta fari. Ka san halin iyayenmu da ɗan fari: ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce yarinyar nan. Ba ta taɓa zama inda Saratu ke waƙa ba, ko a makokinta ba ta yarda an ga hawayenta ba. Ran nan wani mai kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gidanmu, waƙarku na tashi daga salularsa. Sai ga Inna ta taso tana lalube da bango, ta ɗaga murya tana kiran Saratu da sunanta, maƙwabta na ji. Tun da na shiga zuri'arsu ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Wallahi zama na yi a ƙasa na yi kuka.

Tun daga ranar ta ƙulle kayanta a zane. Ta ce mun ɓoye mata 'ya, wai tana can ƙetaren kogi tana waƙa a gidajen biki, ta lalace, a kai ta ta dawo da ita gida. Abinci ma sai an yi ta lallashi. Ta yaya zan fahimtar da makauniya mai shekarunta cewa ƙarfe ne ke magana? Sai in zauna kusa da ita in ce Saratu ta rasu, mun binne ta. Ta yi kuka kamar yau aka yi. Kwana biyu ta manta, wani ya wuce da waƙar, mu koma farko.

Na uku, roƙona. Ban nemi ko dala ba. Ku janye waƙar daga gidajen rediyo da duk inda kuka ɗora ta, ku goge muryar daga na'urarku, ku kuma sanar da jama'a cewa ba Saratu ce ta rera ba. Na san ba za ku iya bin kowace salula ba, amma ku daina ƙara mata wuta.

Allah ya albarkaci sana'arka, ya ba yaranka masu waƙa rayayyu da za su yi aiki da su. Allah ya ja kwanan mahaifiyarka, kada ya nuna maka ranar da za ka kai mata labarin mutuwar ɗa ko sau ɗaya. Ni na daina ƙirga sau nawa na yi.

Wassalam.

Ayuba, mijin marigayiya Saratu,
Kirkissoye, Yamai.