Wanda Ya Zo Ƙarshe Shi Ke Fara Zaɓe

Sabon Birni, Maris 1958

Zuwa ga maiɗakina Safiyatu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da jinjiri, da Inna da Baba da dukan mutanen Bafarawa. Yaya wankan jego cikin wanga zafi? Ni nan lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini faɗi.

Takardarki ta iso ta hannun Usmanu mai goro. Rubutunki ya miƙe ƙwarai, har na nuna wa 'yan aji huɗu bangon ambulan don su ji kunya. Kin tambaya, tun da Hajjo tana tsoron 'Yan Gada, mi ya hana ɗanta Jibrilla ya zaɓi wata ƙungiya? Ba ke kaɗai ba, duk kasuwar garin nan haka suke tsammani, wai ɗan ƙwallon kwando shi ke duba inda ya yi masa ya tafi. To ba haka ba ne. Ƙungiya ke zaɓen yaro.

Ƙungiyoyi huɗu ne a lardi, kowace tana ba 'yan wasanta aiki da albashi. Kowace bazara sukan taru su ɗebi sababbin samari waɗanda likita ya duba haƙoransu ya ce sun kai sha takwas. Wadda ta zo ƙarshe a wasannin bara ita ke fara ɗauka, don kada mai ƙarfi ya ƙara ƙarfi. Yaron da ya ƙi wadda ta kira shi, an rufe masa wasa a lardi duka. Da na fara karanta tsarin nan a kwaleji, wallahi tafi na yi, na ce ga adalci.

Ba a kawo ki gidan nan ba tukuna lokacin da Sodangi, wan Jibrilla, yake wasa a filin makarantarmu. Ni na ƙera wa yara zoben jefa ƙwallo da ƙarfen ganga, na kafe shi jikin giginya. Ban taɓa ganin hannun hagu irin nasa ba. Shekara biyu da sunka wuce 'Yan Gada sunka ɗauke shi, wato ƙungiyar masu ginin gada can kudancin lardi, bakin babban gulbi. Wasa ran Asabar, sauran kwanaki aiki bisa ruwa. Bara da damina ya zame daga kan katako, ruwa ya ci shi. Can anka binne shi, babu ko mutum ɗaya daga garinsu Tsamaye da ya ga kabarin.

Da sunka rasa shi sai sunka kasa cin kowa, sunka zo ƙarshe. Saboda haka bana su ke fara zaɓe, kuma duk lardi babu yaro kamar Jibrilla. Kin ga inda adalcin nawa ya kai mu. Mutuwar wan ita ta ba su ikon ɗaukar ƙanen.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Da rana tsaka, in yara sun watse ina zaune ina gyaran littattafai, nakan ji ana buga ƙwallo a ƙasa can wajen giginya. A buga, a buga, a tsaya, kamar yadda marigayin ke yi kafin ya jefa. In na leƙa sai fili da rana, ƙwallon kuma tana cikin akwatina a kulle. Nakan yi ta'awizi in koma aiki. Kada ki gaya wa Inna, za ta aiko mini da turare buhu guda.

Ki shafa mini kan yaron. Naki,
Halliru


Sabon Birni, ƙarshen Maris 1958

Zuwa ga Safiyatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya, ina fata tarin jinjiri ya lafa. Daddawar da kinka aiko ta iso, Allah ya saka.

Na samo ƙofa, har barci ya ƙi ni don murna. A cikin ƙa'idojin akwai wani sharaɗi da ba wanda ya kula da shi. In gida ya taɓa rasa ɗa a hannun wata ƙungiya, uba ko uwa na iya tsayawa gaban masu zaɓe, ya faɗi sunan mamacin da bakinsa, ya ce bai yarda ba. In an yi haka, ƙungiyar ta rasa ikonta a kan yaron, shi da kansa zai zaɓi inda yake so. Uban su Jibrilla ya rasu tun suna ƙanana, saura Hajjo.

Na hau keke na tafi Tsamaye ran Alhamis. Na tarar da ita tana kaɗa nono, na zauna bakin ƙofa na zuba mata bayani kamar ina gaban allo. Sai da na kai wurin faɗin suna na tsaya cak. Na manta, Safiyatu. Sodangi ɗan farinta ne, ita kuwa cikin rugar Fulani ta tashi. Tun ran da anka raɗa masa suna ba ta taɓa furta shi ba. Ba ta taɓa kallon idonsa gaban mutane ba. "Wancan" take ce masa yana da rai, "wancan" take ce masa yanzu.

Wannan kunyar ma ta riga ta cuce ta. Ashe da Bawa, shugaban 'Yan Gada, ya zo ta'aziyya bara tare da masinjan Baturen wasanni, ba ta yi kuka ba, ta ba su fura, ta ce sun sha hanya. Masinja baƙo ne a ƙasar nan, ya koma ya gaya wa Bature cewa uwar ba ta ɗauki abin da zafi ba. Shi ya sa ba wanda ya ga laifin a dawo gidan a ɗauki na biyu. Maƙwabciyarta kuwa ta gaya mini tun daga ranar Hajjo ba ta sake shan ruwan gulbi ba, sai ta taka har rijiya mai nisa.

Da na gama, ta ajiye nonon gefe. Sannan ta ce, Malam, ku 'yan boko ba ku da wani aiki sai koya wa tsofaffi rashin kunya? Ta ce in na ce ta ɗauki dutsen niƙa a ka har garin Isa za ta ɗauka, amma wannan, a gaban maza, a gaban surukanta na Gobir masu jiran su ga Bafillatana ta kwance, ba ta san ta inda za ta fara ba.

Jibrilla ya rako ni har bayan gari yana tura mini keke. Na yi ta ƙarfafa masa zuciya, na ce ƙungiyar 'Yan Asibiti ta birni ta fi dacewa da shi, ga inuwa ga tsabta, babu ruwa sai na famfo. Shi dai sai tura keken yake. Da ya juya zai koma na kira shi don in ba shi alewar ƙannensa, sai na ji bakina ya ce Sodangi. Ya waiwayo, ya amsa. Kin san shi badame ne, amma kwanan nan da hagu yake jefa ƙwallo, kuma tana shiga.

Ran Litinin ta sama za a yi zaɓen a Isa. Za ni tafi da su Hajjo cikin motar gyaɗa. Ki sa mu cikin addu'a.

Naki har kullum,
Halliru


Isa, Afrilu 1958

Zuwa ga Safiyatu,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Inna da Baba, da fatan kowa na cikin ƙoshin lafiya. Ga ni kusa da ku amma ba za ni iya ratsowa ba, motar da safe take juyawa. Ga yadda anka yi.

An taru a filin bayan kasuwa. Bature da tafintansa a ƙarƙashin rumfa, shugabannin ƙungiyoyi a kan benci, samari a jere an auna tsayinsu jikin sanda. Bawa mutum ne mai fara'a, ba mugu ba, yana ta tsokanar na 'Yan Asibiti wai 'yan wasansu warin maganin aidin kaɗai ke korar abokan gaba. Da anka ce ya fara, bai ko dubi layin ba, ya kira Jibrilla na Tsamaye.

Tafinta ya tambaya ko akwai mai ja. Na duba wajen mata, Hajjo na zaune ta ja mayafi har hanci. Ya sake tambaya. Na riga na sunkuyar da kai, sai na ji mata sun yi gum a lokaci ɗaya. Ta miƙe. Ta tako har gaban rumfa, ta ce ba ta yarda ba, an taɓa ɗaukar mata wancan. Tafinta ya ce ƙa'ida suna take so, wane ne wancan?

Safiyatu, na ga bakinta yana motsi babu murya, kamar mai koyon magana. Sannan ta faɗa. Ba tafinta ta fuskanta ba, kudu ta juya. Ta kira shi da ƙarfi, irin kiran da uwa ke yi wa yaro in magariba ta yi bai shigo gida ba. Tsofaffin mata sunka rufe bakunansu. Bawa ya cire hularsa. Ni kuwa sai na tsinci kaina ina jiran a amsa.

Bature ya ce magana ta ƙare, yaro ya zaɓa da kansa. Na 'Yan Asibiti har ya fara gyara zama. Jibrilla ya fito daga layi, ya durƙusa wajen uwarsa tukuna, sannan ya tashi ya ce 'Yan Gada.

Na bi shi bayan rumfa raina a ɓace, na ce don mi ya bari ta yi wannan abu in ya san can za shi? Ya ce ya yi ta neman yadda zai gaya mini, amma ni ke ta magana. Ya ce wansa na kwance cikin baƙi, ba mai zuba wa kabarinsa ƙaya, ba mai tsayawa ya yi masa fatiha da sunan gidansu. Ya ce da kama shi anka yi anka kai shi, da ya je da baƙin ciki, amma yanzu da ƙafarsa zai je.

Na ɗauka Hajjo za ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Ta raka shi har bakin motar Bawa, ta ɗaura masa dawo a gefen zane, ta ce kada ya hau katako da takalmi. Da injin ya tashi sai ta matsa kusa, ta ce in ya isa, ya gaya wa wansa ta kira shi.

Tana nan zaune a zauren masaukinmu, ta ƙi abinci, ta koma cewa "wancan". Sai dai yanzu ban san wanne daga cikin biyun take nufi ba.

Na sani ke ma tun ran suna ba ki furta sunan ɗan farin namu ba, kuma ba na cewa ki saɓa wa Inna. Amma wata rana in kowa ya fita, daga ke sai shi a ɗaki, ki gwada. Ki sa bakinki a kunnensa ki kira shi sau ɗaya, yanzu da yake kusa, yana iya jin ki.

Mijinki mai kewarki,
Halliru