Sunan Orrin a Hannuna

Litinin, 3 ga Oktoba, 1983

Ɗana Orrin ya zo cin abincin rana. Ya zubar da gahawa a kan sabon ƙyallen tebur, ya ce kofin ne ya yi zafi. Ni na zuba ta, ta daɗe da hucewa. Sauran abincin da hannun hagu ya ci, na damansa yana ƙarƙashin tebur.

Alhamis, 6 ga Oktoba

An kawo kwafin sabon zanensa daga maɗaba'a, guda ɗari tara da sittin. Tsohon gidanmu ne na gona, da fitila a tagar kicin, dinyoyi suna sauka a masarar da aka girbe. Mutane suna kuka a gabansa, wai gidan kakanninsu ne sak. Ni dai na san rufin nan yoyo yake yi.

Kowane kwafi sai ya sa masa hannu da fensir a ƙasa, in ba haka ba takarda ce kawai. Vern, dillalinsa, yana son su kafin walimar mafarauta. "Mama Alvina, ki dinga ɗura masa lefse, wainar dankalin nan taki, da man shanu," in ji shi, "hannun nan ne ke ciyar da rabin garin nan, har da matata mai tsada." Na yi dariya don ya tafi.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Marlys, matar Orrin, ta ja ni gefe bayan an tashi daga coci. Sun je wurin likita a birni tun watan Yuni. Ciwon karkarwa ne, ba ya warkewa, gaba yake yi. Shekararsa arba'in da huɗu. Ta ce, "Mama, kada ki nuna kin sani. Vern ma bai sani ba. In magana ta fita, wa zai ƙara jiran zanensa?"

Tun watan Yuni. Ina nan ina yi masa faɗa a kan rashin aski.

Talata, 11 ga Oktoba

Ban iya yin komai ba. Na wanke labulen da na wanke makon jiya.

Juma'a, 14 ga Oktoba

Na kai wa Orrin miya ɗakin zane. Kwafi goma sha ɗaya a ƙasa, ya lalata su, sunansa kamar kaza ta yi tono. Ya ce, "Fensir ɗin zamani ne, ba su da kirki."

Ban san lokacin da na ɗauki fensir ɗin ba. Sai da na kai shekara hamsin da takwas na koyi karatu a ɗakin ƙasa na coci, amma kafin nan, shekara uku ina kwaikwayon sunansa daga jikin zanensa a kalandar shagon iri da ke kicin, ban ma san wane harafi ne wane ba. Abin da na fara rubutawa a duniya ke nan, kafin nawa sunan. Na rubuta a gefen wanda ya lalace.

Ya daɗe yana kallo. "Tsohuwa, ashe ɓarauniya ce ta haife ni."

"Rufe min baki, ka miƙo na gaba."

Ya fita wajen karnukansa. Na ji ƙofa, ban ɗaga kai ba.

Laraba, 19 ga Oktoba

Na sa hannu a ɗari shida. Yatsuna sun kumbura. Wannan ƙarya ce, na sani. Mutum zai rataye shi a falonsa yana cewa hannun Orrin Haugland ne ya taɓa nan. Na so in tambayi Fasto, to me zan ce masa?

Vern ya ɗauki na farko ya ce, "Kai, hannun yaron nan kamar shekara goma da suka wuce!" Haka ne. Kalandar ta shekara goma ce.

Asabar, 22 ga Oktoba

Walimar mafarauta, ƙarfe ɗaya na rana, a zauren gari. Na manta da al'adarsu. Wanda ya ci gwanjon kwafi na ɗaya, Orrin zai zana masa 'yar dinya a gefen takarda a gaban kowa. Shekara goma sha biyu yana yi. Wannan ba zan iya tare masa ba.

Elroy mai garejin motoci ne ya ci. Aka kewaye tebur. Orrin ya sa fensir, wuyan dinyar ya tafi can, ya dawo, ya tsage takardar. Sai Elroy ya ce, "Haugland, tun rana ka fara? Ka rage mana a kwalbar mana!" Aka kwashe da dariya. Ɗana da bai taɓa shan giya ba saboda abin da ya gani wurin ubansa, ya yi tangaɗi da gangan, ya ce, "Ku bar ni, lokacin farauta ne!"

Ya gwammace a ce mashayi ne. Ina zaune da farantin naman barewa a cinyata. Marlys ta riƙe min gwiwa don kada in tashi. In na tashi ma in yi me?

Ya yi wa Elroy alkawarin zai zana masa wata a gida.

Lahadi, 30 ga Oktoba

Sun zo cin abinci. Na yanka masa namansa tun daga kicin, na yanka na kowa haka don kada ya zama nasa kaɗai. A coci na tashi roƙa masa sauƙi kamar kullum, sai na ji ina roƙon Allah ya bar min idona da yatsuna tukuna.

Laraba, 2 ga Nuwamba

Dinyoyi sun sauka bayan gida da safe, na daɗe a taga. Wuyan ba miƙe yake ba, yana da ɗan lanƙwasa kusa da ƙirji. Na gwada zana ɗaya a bayan ambulan. Ta fito kamar kaza mai mura. Ba wani abu nake nufi ba, hannu ne kawai ba ya son zama.

Ta bakwai ta ɗan fi. Ambulan sun ƙare, gobe zan aiki Marlys.