Injin Cire Gemu da Ƙullin Tsumman Inna

Assalamu alaikum Inna, gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiyarta, tare da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Rabi ce, babbarki.

Inna, na sayi inji. Amma bari in fara da abin da ke cina tun kina raye.

Kin tuna matan da ke shigowa ta ƙofar baya bayan kitso, su ɗaga haɓa ki tsige musu gashin da ba su son a gani? Ni ke riƙe madubi, Balki ke riƙe matsefata, alhali na girme ta da shekara uku. Kullum maganarki guda: “Ke Rabi nawa gare ki wurin aiki, ba kamar ƙanwarki ba.” Wallahi har yau ina jin zafinta.

Yanzu Balki tana Yamai da injin leza, mai ƙona gashi da haske. Tana saka hotuna, ni kuma ina danna mata alamar so ina cije leɓe. Matanki na Dogon Dutsi, waɗanda suka gan ni da zanen goyo, suna wuce ƙofar salon ɗina su hau mota zuwa wurinta. Kishi nake, Inna, ba zan ɓoye miki ba.

Shi ya kai ni koyon aikin allura: a zura siririyar allura a gindin gashi, a taka injin da ƙafa, wuta kaɗan ta kashe saiwar, ɗaya bayan ɗaya. Da na gama, aka ajiye mini inji biyu in zaɓa. Ɗaya fari ƙal mai allo kamar talabijin, ɗayan ɗan akwati mai maɓalli biyu da abin takawa. Raina ya tafi kan farin, don kawai in ɗauki hoto Balki ta gani.

Malamata ta ce in gwada kowanne a damtsena. Ta tambaye ni wanda baturin sola zai iya ɗauka in kuran, wato lantarki, ya tafi, da wanda ake samun allurarsa a saukaƙe, tunda kowace mace sabuwa za a fasa mata. Ta ƙara da cewa leza ba ya ganin farin gashi, allura kuwa ba ruwanta da launi. Nan na tuna matanki duk sun manyanta. Na ɗauko ɗan akwatin ina jin haushinsa, don ba shi da kyan hoto.

Sati biyu ba wadda ta leƙo. Sai ga Hajiya Kande daga Gesheme, ta bi ta baya kamar dā. Ta je wurin Balki sau uku, baƙin ya tafi, furfurar na nan.

Awa guda na yi a haɓarta, ban yi gaggawa ba, dama ban iya ta ba. Kowane gashi na ajiye shi a kan tsumma, na ƙulle na damƙa mata kamar yadda kike yi, don kada ya faɗa hannun mai mugun nufi. Ta juya ƙullin, ta ce a Yamai ba a ba ta komai ba, hayaƙi kawai ta shaƙa. Sannan ta faɗi abin da kika taɓa ce mata: “Balki ta ishe ki yanzu, amma in hurhura ta zo, ki biɗi Rabi, ita ad da haƙuri.”

Inna, ashe kin sani? Shekara nawa ina riƙe madubi ina jiran kalma guda, kika ɗauka kika ba Hajiya Kande? Yau na daina jin haushin Balki, ita Hajiyar nake kishi, don ita ta ji daga bakinki.

Allah Ya jiƙan ki Innata, Ya sanyaya makwancinki, Ya haɗa mu inda za ki faɗa mini da kanki.

Ɗiyarki mai nawa,
Rabi